Tsibirin da Babu Rezo

Shafi na 14

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Masu turo mini "Anti ko kin ɓata ne?" tun shekaranjiya, ina nan da raina, wayata ce ta yi iyo a bokitin wanki. Ke kuma da kika yi alwashin daina karatu muddin Ruwaida ta ci amana, ki gyara zama ki karanta tukuna, hukunci ba ya guduwa.

Waɗanda suka shigo yau, ga inda muke. Inna, mahaifiyar Latifa, ta rasu a Damagaram ranar Litinin. Ita Latifa tana Lyon, ranar Alhamis mai zuwa za ta tsaya gaban malamai ta kare kundin digirinta na dakta, abin da suke kira soutenance, wahalar shekara huɗu. Yayanta Mustafa da ke zaune a Clichy-sous-Bois, a gefen Paris, ya yanke cewa ba za a gaya mata ba sai ta gama. An ce mata an sallamo Inna daga asibiti, amma likita ya hana ta doguwar magana, shi ya sa ba ta ɗaukar kira. Kullum da safe saƙon muryar Inna yana shigowa wayar Latifa, daga cikin guda goma da tsohuwar ta naɗa kafin ta cika. Ƙanwarsu Maimouna ce ke turo su ɗaya bayan ɗaya daga wayar Inna.

Yau Lahadi ake addu'ar bakwai, ranar da dangin nesa za su yi ta kira suna gaisuwa, kuma ba kowa ne ya san ana ɓoyewa ba. Shi ya sa Mustafa ya zaunar da Ruwaida, aminiyar Latifa, a bayan wani shago a unguwar Château Rouge ta Paris, ya ce ta hau jirgin ƙasa ta je Lyon, ta san yadda za ta raba ƙanwarsa da waya tun safe har yamma.

*

Dabarar da ta zo wa Ruwaida ita ce tsibiri.

Wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar kogin Rhône, kudu da Lyon, an keɓe shi don tsuntsaye. Ba gida, ba shago, ba gada. Kwalekwale mai inji ke kai mutum goma sha biyu ƙarfe goma na safe, ya dawo ya kwashe su ƙarfe biyar. A can Latifa ta yi aikinta. Shekara uku tana rataye na'urori a bishiyoyi tana naɗar kukan tsuntsaye, ta koma ɗaki ta zuba a kwamfuta tana tantancewa. Kuma ba sau ɗaya ba ta yi wa Ruwaida ƙorafin cewa wurin babu rezo, wato sabis ɗin waya, in ka shiga ba mai samunka sai ka fito.

Abin da Ruwaida ta manta a lissafinta shi ne ita kanta. Shekara uku Latifa na roƙonta ta zo ta ga tsibirin nan, tana cewa ita ba ta baro Tahoua ta hau jirgin sama don ta zo a nuna mata balbela ba. Baiwar Allah da ko gada za ta ƙetare a Paris sai ta bi ta tsakiya don kada ta hango ruwa. Yau ita ce da bakinta ta ce a tashi a je a sha iska a tsakiyar kogi.

Latifa ba ta yi musu ba. Ta dube ta na ɗan lokaci, ta ce to, ta ɗauki jakar kwamfutarta.

A cikin kwalekwalen, tsohon da ke tuƙi ya karanto musu dokoki. Ba a ɗaga murya, ba a kunna wuta, ba a sauka daga hanyar da aka shata, ba a tsinkar ko ganye. Wanda ya makara ƙarfe biyar, matsalarsa ce. Ruwaida ba ta ji rabin abin da ya faɗa ba. Hannu ɗaya ta ƙanƙame katako, ɗaya yana riƙe da wayarta, tana kallon sandunan rezo suna raguwa. Huɗu. Uku.

Sai wayar Latifa ta ɗauki ruri a cikin jaka.

Ruwaida ta hango sunan tun kafin mai wayar ta gama fito da ita. Gwaggonsu ce ta Agadez, wadda ba ta kiran mutum sai an haihu ko an mutu. Ba ta san lokacin da ta faɗa jikin Latifa ba, ta riƙe hannuwanta biyu, ta ce jiri take ji, za ta yi amai, a taimake ta. Rabin maganar gaskiya ne. Latifa ta riƙe ta, wayar na ta kuka a tsakaninsu, har kwalekwalen ya sha kwanar wasu bishiyoyi kiran ya yanke da kansa.

Ruwaida ta sauke ajiyar zuciya. Ta ɗauka ta tsallake siraɗi.

*

Tsibirin kuwa ba laifi, gaskiya a faɗe ta. Bishiyoyi dogaye sun rufe sama, zalɓe sun cika rassa da sheƙa, suna ta kai da kawo da abinci a baki. Wata ma'aikaciyar wurin ta kwashi sauran baƙi ta yi gaba da su tana bayani cikin raɗa. Da ta ga Latifa sai ta rungume ta, ta yi mata fatan alheri na ranar Alhamis, ta ce su biyun su yi yawonsu, ai wannan ta fi ta sanin wurin.

Ruwaida ta buɗe bakin surutu, don shiru ne ba ta so. Ta tambayi sunan kowane tsuntsu, ta yaba kowace ciyawa, har wani kututture da ya ruɓe sai da ta ce kyakkyawa ne. Sauro ya yi mata taron dangi a ƙafa, ba ta yi ko tsaki ba, ita da kuɗa ɗaya ke hana ta cin abinci. Latifa na amsawa da e da a'a, tana tafe a gaba.

Da rana ta yi tsaka suka zauna kan wani benci. Ruwaida ta fito da kilishin da ta sayo a Château Rouge, da dabino, da burodi. Latifa ta ɗauki dabino ɗaya ta riƙe a hannu har ya yi gumi, ba ta kai baki ba. Ita ma Ruwaida abin ya ƙi wucewa. Ta san a daidai wannan lokacin falon Mustafa ya cika da mutane, an shimfiɗa tabarmi ana karatu, a Damagaram kuma ana rabon sadaka a ƙofar gida. 'Yar mamaciyar ga ta nan zaune kusa da ita tana korar sauro. Tausayi ya kama ta, kunya ta fi tausayin yawa.

Ƙarfe ɗaya da rabi Latifa ta miƙe.

"Taso in kai ki wani wuri."

Wata rumfar katako ce a bakin ruwa, a rufe ruf, sai 'yan tagogi sirara da ake leƙen tsuntsaye ta ciki. Ƙofa ɗaya gare ta. A can ƙarshen benci wani tsoho da matarsa sun kafa ido a madubin hangen nesa, ko motsi ba sa yi. A bango an rubuta SILENCE da manyan baƙaƙe.

Latifa ta nuna wa Ruwaida lungu ta zauna, ita kuma ta zauna ta bakin ƙofa. Ta buɗe kwamfuta a kan cinyarta.

"Shekara uku ba ki taɓa tambayata mene ne aikina ba," ta ce cikin raɗa. "Yau da kika zo da kanki, bari in nuna miki."

Ta nuna mata wasu zane-zane a fuskar kwamfutar, layuka masu hawa da sauka. Ta yi mata bayani a hankali, yadda za ta yi wa malamai ranar Alhamis. Kowane sauti yana da sawunsa. Idan tsuntsu goma suna kuka lokaci guda, tana iya ware na kowanne. Tana iya gane cewa wannan zalɓen shi ne wanda ya yi kuka jiya, ba ɗan'uwansa ba. Kunnen mutum yana bin muryar da ke gaba, ita aikinta sauraron abin da ke baya.

Ruwaida na gyaɗa kai, tana cewa ikon Allah.

Latifa ta sa mata abin sauraro ɗaya a kunne, ta sa ɗaya a nata, ta danna.

Ruwaida na jiran kukan tsuntsu.

"Latifa, ɗiyata, kin tashi lahiya? Allah ya yi miki albarka. Ki ci abinci, kar ki zamna da yunwa kina karatu."

Muryar Inna ce.

Ruwaida ta kai hannu za ta cire abin, Latifa ta riƙe hannun ta mayar mata da shi kan cinya.

"Wannan na Talata ne. Yanzu zan cire muryarta, ki ji abin da ya rage."

Ta danna wani wuri. Muryar ta ɓace. Sai ƙarar fanka, ƙas, ƙas, ƙas, irin wadda fiffikenta ke taɓa wani abu. Can nesa kurciya na kuka. Daf da ƙarshe wata mata ta fara tari, saƙon ya yanke.

"Ga na Laraba."

Tarin ne ya buɗe shi. Matar ta ƙarasa, ta yi kaki, ta ce wash. Fankar na nan, ƙas, ƙas. Kurciyar ma ba ta tashi ba.

"Tari ɗaya ne, Ruwaida," Latifa ta ce, idonta a kan kwamfutar. "An raba shi kwana biyu."



Latifa ta ci gaba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce saƙo shida ne suka shigo daga Talata zuwa yau, ta jera su, sun haɗu kamar zani ɗaya da aka yayyanka. Duka bai wuce zaman minti goma sha biyu ba. Ta ce a gidansu babu fanka mai wannan ƙarar, ta san kukan kowace ƙofa a gidan nan. Kuma a na Jumma'a an ji ana tura gado mai taya.

"Ƙila gajiya ce," in ji Ruwaida. "Kin san jikin tsohuwa. Ƙila ta ga ranar da ta samu ƙarhi ta yi su gaba ɗaya, don kar ki damu."

"C'est possible. Zai iya yiwuwa."

"To kin gani."

"Ni ma haka na ce wa kaina. Shi ya sa ranar Alhamis na tura mata saƙon murya, na ce na zame a matakala na karye a hannu."

Ruwaida ta dubi hannun Latifa.

"Kin san Inna. Ƙaya ta soke ni sai ta kwana ba ta yi barci ba. Da safe saƙonta ya shigo, ta ce in riƙa karanta Ƙulhuwallahu kahin in hita. Ba hannu, ba karaya." Ta juyo yanzu ta dubi Ruwaida sosai. "Ke kuma kin sauka a tashar jirgi ran Jumma'a da yamma. Kahin ki gaishe ni, hannuna kika kama kina jujjuyawa. Har man zahi kika zo da shi a jaka. Ban gaya wa kowa zancen hannun nan ba sai Inna. Wa ya gaya miki?"

Ni kaina mai ba ku labarin nan, da ni ce a lungun nan, da na nemi ƙasa ta tsage. Maimouna ce ta saurari saƙon, ta kira Mustafa a rikice, Mustafa ya kira Ruwaida ya ce ta duba hannun yarinyar nan da zarar ta isa. Kowa ya yi abin da ya ga shi ne daidai, kuma kowa ya taka tarkon da ƙafarsa.

"Latifa, don Allah..."

Tsohuwar da ke ƙarshen benci ta juyo ta ɗora yatsa a leɓe. Ruwaida ta rufe baki. Ko kuka ba dama a wurin nan.

Latifa ta matso har kafaɗunsu suka haɗu.

"Kin kawo ni inda ba rezo don kar a same ni. Na gane tun jiya. Na biyo ki ne don a nan ke ma ba mai samunki. Ba Yaya Mustafa da za ki kira ya gaya miki abin da za ki ce. Ba jirgin métro da za ki ce kin makara. Kwalekwale sai ƙarhe biyar."

Ta rufe kwamfutar.

"Kin tuna abin da kika rantse mini?"

Ta tuna mana. Shekararsu ta farko a Lyon, a ɗakin ɗalibai, suna cin taliya a tukunya ɗaya. A ranar Latifa ta ba ta labarin rasuwar babanta. Tana Yamai tana shirin jarrabawar bac, ta gama sakandare, ya rasu, aka ɓoye mata kwana arba'in. Ta dawo Damagaram da sakamako a hannu, tana gudu tana kiran Baba tun daga zaure, ta tarar da Inna cikin takaba. Ta ce har yau ba ta san inda ta jefa takardar nan ba. Sannan ta kama hannun Ruwaida ta ce, dangina za su sake yi mini haka, na san su, don a wurinsu ƙauna ce. Ke ba dangina ba ce, ke na zaɓa. Ki rantse in wani abu ya sami Inna za ki gaya mini a ranar. Ruwaida ta rantse da Allah, har tana dariya tana cewa Inna sai ta ga jikokinta.

Yanzu ga ranar ta zo, har ta wuce da kwana shida.

Ruwaida ta miƙe zumbur. Ta ce fitsari take ji. Ta tsallake ƙafafun Latifa, ta ture ƙofa ta fita. Latifa ba ta riƙe ta ba.

*

Ta yi ta tafiya da sauri, ba ta san inda ta nufa ba. Hanyar ɗaya ce, an kafa mata igiya dama da hagu. Ta wuce bencin da suka zauna, ta wuce bishiyoyin zalɓe, ta wuce wani allo mai hoton agwagi. Ba a yi minti goma sha biyar ba sai ga ta a bakin katakon da kwalekwale ya sauke su. Ruwa gaba, ruwa dama, ruwa hagu. Can ƙetare tana hango motoci suna wucewa a kan titi, mutane na harkarsu.

Ta duba waya. Biyu da minti ashirin. Ba sanda ko ɗaya.

Ta ɗaga wayar sama, ta juya gabas, ta juya yamma, har ɗage ta yi a kan yatsun ƙafa. Ita da ta yi murna da rezo ya ɗauke, ga ta tana roƙonsa.

Ta zauna a kan katakon ta haɗa kai da gwiwa.

Maganar Mustafa ce ke dawo mata. Bai yi mata tsawa ba a bayan shagon nan, da ma tsawar ya yi da ya fi sauƙi. Idonsa jawur, ya ce Ruwaida, ba ni na ce ba, Inna ce. Ita ta sa aka tashe ta zaune a gadon asibiti, ta ce a ba ta waya. Tana yi tana hutawa, tana yi tana hutawa, har ta cika goma. Ta ce ɗiyata ta bar gida shekara takwas saboda ranar nan, kar mutuwata ta zama abin da zai kayar da ita a bakin ƙofa. Ya ce wasiyya ce, ke kuma yanzu kina cikin waɗanda aka ɗora wa.

Rantsuwa ga mai rai, wasiyya ga mamaciya. Duk wadda ta riƙe, ta saki ɗaya. Kuma ta san Latifa. In ta ji, tana iya rufe kwamfutar nan ta nemi tikiti a daren, shekara huɗu su bi ruwa. In kuma ba ta ji daga bakinta ba, to ranar Alhamis da yamma Ruwaida ba ta da sauran aminiya a duniya.

Ta yi kuka mai isarta, a hankali, saboda doka.

Wajen ƙarfe uku ta ji taku a bayanta. Latifa ce, jaka a kafaɗa, gorar ruwa a hannu. Ba ta tada zancen ba. Ta ce azahar na wucewa, su yi salla.

Suka raba ruwan gorar suka yi alwala a gefen katakon. Latifa ta san alƙibla a wurin ba sai ta duba komai ba, ta nuna wata doguwar bishiya ta ce nan ne. Ta shimfiɗa mayafinta a kan ciyawa, Ruwaida ta shimfiɗa nata. Ruwaida ba za ta iya cewa ga surar da ta karanta ba.

Da suka sallame, Latifa ta ɗaga hannuwa za ta yi addu'a. Sai ta tsaya, hannuwan a sama. Ta daɗe a haka.

"Ruwaida."

"Na'am."

"Ba zan tambaye ki abin da aka hana ki gaya mini ba. Na san an ɗaure ki." Idonta na kan tafin hannunta. "Abu ɗaya nake so. Kwana shida ke nan, kowace salla, ina roƙon Allah ya ba Inna lahiya. Ya sa kaffara ne. Ya tashi kafaɗunta. In tana kwance a gida, addu'ar ke nan, zan ci gaba."

Ta ƙara ɗaga hannuwan.

"In kuma tana kwance a wani wurin, ba wannan take bukata ba. Kowa na yi mata wadda ta dace, har maƙwabta, har waɗanda ba su san ta ba. Ni kaɗai, ɗiyarta, nake roƙa mata abin da ba zai amfane ta ba. Ki gaya mini wadda zan yi. Hannuna na sama, ina jiranki."

Wani zalɓe ya taso daga ruwa ya wuce ta kansu. Ruwaida ta dubi hannuwan nan biyu, ba su sauka ba. Ta nemi ƙaryar da za ta yi, ta rasa. Mustafa ya koya mata amsar kowace tambaya a bayan shagon nan, amma bai koya mata ta wannan ba.

Ta ɗaga nata hannuwan.

"Allah ya jiƙan Inna," ta ce. "Allah ya gahwarta mata. Allah ya sa ta huta."

Ta runtse ido tana jiran ihu.

"Amin," in ji Latifa.

Shi ke nan abin da ta ce. Sannan ta fara addu'a, a hankali, hawaye na zuba a tafin hannunta ba ta share ba. Ta roƙa wa Inna sassaucin kabari, ta roƙa mata haske, ta roƙa a haɗa ta da Baba. Ta ambaci sunanta na yanka, wanda Ruwaida ba ta taɓa ji a bakinta ba. Ta yi ta yi har ƙafafun Ruwaida suka yi tsami. Sauran baƙi suka fara taruwa a bakin ruwa, suna ganinsu suna kauda kai.

Da ta shafa, ta tambaya yaushe ne. Ruwaida ta ce Litinin, bayan la'asar, yau bakwai. Ta tambaya ko ta sha wuya. Ruwaida ta ce Maimouna ta ce cikin barci ne. Ta tambaya wa ya ce a ɓoye. Ruwaida ta gaya mata duka, har zaman da Inna ta yi a gado tana naɗa tana hutawa.

A nan ne Latifa ta kifa kai a kan ciyawa. Ruwaida ta kai hannu za ta dafa bayanta.

"Kar ki taɓa ni."

Ta janye hannun. Maganar ta yi mata zafi, kuma ta san ta cancanta.

"Latifa, ki yahe mini. Wallahi kwana shidan ga ban..."

"Ba yau ba."

Suka zauna, tsakaninsu kamar taku biyu. Ruwaida na so ta tambaya ina zancen Alhamis, tana tsoron amsar. Can aka fara jin ƙarar injin kwalekwale daga nesa.

Latifa ta ɗago. Fuskarta ta kumbura, amma muryarta ta daidaita.

"Nawa ta yi?"

"Goma."

"Shida sun shigo." Ta lissafa da yatsu. "Litinin, Talata, Laraba, Alhamis. Saura huɗu."

"E."

"Ashe sau huɗu ya rage mini a duniya in ji Inna ta ce abin da ban taɓa ji ba."

Ruwaida ta toshe baki da mayafi.

Latifa ta miƙe, ta kakkaɓe mayafinta, ta yafa. Ta ɗauki jakar kwamfuta. Ta tsaya a kan Ruwaida, ta yi magana ba tare da ta dube ta ba.

"Yaya Mustafa ba zai san na sani ba. Maimouna ma haka. In suka ji, za su daina turowa, ko su zubo mini su gaba ɗaya su ce ga su nan. Ni da safe nake son su, ɗaya-ɗaya, yadda ta tsara. Zan amsa mata kuma kamar kullum."

"Latifa, ba ni iyawa. Mutumin nan ya ba ni amana, in ya tambaye ni..."

"Kin iya mana. Kwana shida kika yi mini, uku daga ciki ina kallon idonki. Huɗu ne za su gagare ki?"

Kwalekwalen ya iso. Tsohon da ke tuƙi ya ƙirga kawuna, ya ce goma sha biyu, madalla. Suka shiga, Latifa ta zauna a gefe tana kallon tsibirin, Ruwaida ta ƙanƙame katako. Babu hannun da za ta riƙe a wannan karon.

Suna shan kwanar bishiyoyin nan wayar Latifa ta fara karkarwa a cikin jaka, saƙo a kan saƙo, kira a kan kira. Ta sa hannu ta kashe ta ba tare da ta fito da ita ba.

Sai ta Ruwaida ta ɗauki ruri.

Ta duba. Yaya Mustafa.

Ta ɗago kai. Latifa na kallonta, idanu jawur, a bushe.

"Ɗauki," ta ce. "Ki ce masa mun sha iska."